Yawan ambato ne shaidar gwanintar malami? Amsa ga mai neman wanda zai duba mata digiri na uku

"Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na biyu a fannin nazarin ƙwayoyin halitta, ina neman gurbin digiri na uku a waje. Farfesoshi biyu sun amsa mini wasiƙa, na kuma duba shafinsu a Google Scholar. Na farko yana da maƙala sama da 300, an ambace shi kusan sau 40,000, ma'aunin h ɗinsa 85. Ta biyun maƙalunta ba su kai 40 ba, ambato kamar 3,000, h ɗinta 22. Duk wanda na nuna wa sai ya ce in tafi wajen na farko. Shin waɗannan alkaluma sun isa hujja?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a wannan nema. Tambayarki, in na fahimce ta, kashi biyu ce a dunƙule: me waɗannan alkaluma suke aunawa, sannan ko abin da suke aunawa shi ne abin da ɗaliba take bukata daga malamin da za ta zauna ƙarƙashinsa shekara huɗu ko biyar. Ba su isa hujja ba. Amma ba zan ce miki shirme ba ne, domin ni kaina ina duba su duk lokacin da aka turo mini takardun wani don ƙarin girma. Abin da suke gaya miki shi ne mutane nawa suka biyo ta ƙofar gidan mutum. Ba sa gaya miki abin da ya kawo su.

Daga ina lissafin ya fito

Duk maƙalar kimiyya tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubuci ya dogara da su. Duk sanda sunan maƙalarki ya fito a irin wannan jeri, an ambace ki sau ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara wannan a 1955, kundinsa na farko na ambaton kimiyya ya fito a 1964, kuma shi ne asalin Web of Science, rumbun ƙirga ambato na yau. Manufarsa ta farko taimaka wa mai bincike ya bi sawun wani tunani ne, ya ga wa ya ɗora a kan aikin wa. Mayar da abin sikelin auna mutane daga baya ya zo.

Ma'aunin h kuwa sabo ne. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 22, ana nufin yana da maƙala 22 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 22. Kin ga ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru, ko da mutum ya daina shiga ɗakin gwaji shekara goma da suka wuce. Don haka rabin abin da yake aunawa shekaru ne. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. Ki gwada da naki: idan farfesan farko ya yi shekara 35 yana bugawa, 85 a raba 35 ya ba da wajen 2.4. Idan ta biyun shekara 10 kawai ta yi, 22 a raba 10 ya ba da 2.2. Ramin da ya tsorata 'yan'uwanki ya kusa cikewa tun kafin mu buɗe maƙala ko ɗaya. Hirsch ya kuma lura cewa alkaluman masu nazarin halittu sun ɗara na masu fiziks nesa ba kusa ba, saboda mu mun fi yawa, mun kuma fi yawan ambaton juna. Ko a cikin fanninmu haka abin yake: mai aiki kan ƙwayoyin sankara yana da dubban masu karanta shi, mai aiki kan ƙwayar halittar wani ƙwaro da ke sa ciwon barci yana da 'yan ɗaruruwa.

Maƙalar da ta fi kowace yawan ambato

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 300,000. Ta biyu ta Ulrich Laemmli ce ta 1970, wadda daga cikinta aka samo hanyar rarrabe furotin bisa girmansu da muke yi kullum. Ta uku ta Marion Bradford ce ta 1976, ita ma auna furotin. Dukkansu dabarun aiki ne. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta ma shiga cikin ɗarin ba.

Ni kaina na ambaci Bradford a maƙalata ta farko da ta biyu ban taɓa karanta shi ba. Na tarar ana yi, na yi. Sai da na fara koyarwa na zauna na karanta don kada ɗalibi ya ƙure ni. Ga kuma ɗaya ɓangaren: gano da ya zama gaskiyar da kowa ya sani, kamar siffar DNA, ana daina ambatonsa, domin ya koma littafin 'yan aji ɗaya. Wato ambato yana iya yin yawa don abin yana da amfani a hannu, yana kuma iya yin ƙasa don abin ya yi girman da ba a bukatar faɗar mai shi.

Mutumin da ya zauna yana kallon yis

Labarin da nake ba ɗalibaina idan wannan magana ta taso shi ne na Yoshinori Ohsumi, ɗan Japan, haifaffen Fukuoka a 1945. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Tokyo a 1974, ya yi shekara uku a Jami'ar Rockefeller da ke Niyok, ya koma gida a 1977 ya ci gaba da aiki ƙarƙashin wani. Bai samu ɗakin gwaji na kansa ba sai a 1988, yana da shekara 43. A wannan sana'a, wannan latti ne.

Abin da ya zaɓa ya yi aiki a kai ma ba mai farin jini ba ne. Tun 1963 Christian de Duve ya raɗa wa wani abu suna otofaji, wato cin-kai: yadda ƙwayar halitta take naɗe wani sashe na cikinta a cikin 'yar jaka, ta kai shi wurin narkarwa, ta sake amfani da kayan. An ga hotonsa a manyan na'urori, amma ba wanda ya san waɗanne ƙwayoyin gado ne ke tafiyar da shi, kuma maƙalun da ake bugawa a kai a shekara ba su taka kara sun karya ba. Ohsumi ya ɗauki yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. A cikin ƙwayar yis akwai wata babbar jaka da mutane da yawa suka ɗauka juji ce kawai. Tunaninsa mai sauƙi ne: idan da gaske ana kai kaya wannan jaka ana narkarwa, to a samo yis ɗin da ba shi da sinadaran narkarwar, a hana shi abinci, kayan za su taru har a gan su. Haka kuwa aka yi. Cikin 'yan awoyi jakar ta cika da ƙananan ƙulluttai suna ta motsi, ana ganinsu da madubin ƙara girma na yau da kullum, irin wanda ke ɗakin gwajin kowace jami'a tamu. Wannan ya fito a Journal of Cell Biology a 1992. A 1993 shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka buga gajeriyar maƙala a FEBS Letters, bayan sun tace dubban nau'o'in yis, suka ware ƙwayoyin gado 15 da cin-kai ba ya yiwuwa sai da su.

FEBS Letters mujalla ce mai mutunci, amma ba ita ce wadda ake yi wa walima idan maƙala ta shiga ba. Hankalin duniya bai juyo da gaske ba sai da aka ga abin a jikin dabbobi da mutane. A 1999 ɗakin gwajin Beth Levine a Amurka ya danganta wata ƙwayar gado ta cin-kai da hana sankara. A 2000 Tamotsu Yoshimori, wanda ya yi aiki tare da Ohsumi, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa furotin LC3 yana manne wa jakunkunan cin-kai, ya zama alamar da kowa ke bi. A 2004 Noboru Mizushima, shi ma daga hannun Ohsumi ya fito, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa jariran ɓeraye da ba su iya cin-kai suna mutuwa cikin kwana ɗaya da haihuwa. Daga nan fage ya cika, maƙalu suka koma dubbai a shekara. A 2016 aka ba Ohsumi kyautar Nobel shi kaɗai.

Ki ɗauka ke ce ɗaliba mai neman malami a 1990. Me alkaluma za su nuna miki? Mutum ya haura arba'in, ƙaramin ɗaki, yana kallon jujin yis. Amma waɗanda suka shiga wannan ɗaki a shekarun da suka biyo baya su ne suka zama jagororin fannin. Ambato yana zuwa ne a bayan aiki, wani lokaci da shekara goma. Ke kuwa abin da za ki shiga shi ne aikin da ba a yi ba tukuna.

Kada ki ɗauka ina cewa duk mai ƙananan alkaluma Ohsumi ne da ba a gano ba. Mafi yawan maƙalun da ba a ambata ba, ba a ambace su ba ne don ba su ƙara komai ba. Labarin yana nuna iyakar sikelin ne kawai.

Wannan fanni na cin-kai ya kuma ba mu misalin kishiyar haka. Akwai wata doguwar maƙalar ƙa'idojin gwajin cin-kai da Daniel Klionsky ke jagoranta, an sabunta ta sau da dama tun 2008. Bugun 2016 yana ɗauke da sunayen marubuta sama da 2,000, kuma an ambace shi sau dubbai. Kowane ɗaya daga cikinsu, waɗannan dubban suna shiga shafinsa cif, kamar shi kaɗai ya rubuta. Na taɓa duba takardun wani mai neman ƙarin girma, na tarar fiye da rabin ambatonsa daga irin wannan maƙala ɗaya ta taron dangi ya fito. Ba laifi ya yi ba. Amma da na cire ta, sai hoton ya canza.

Ambato ba ya nufin an yarda

Wanda ya ambace ki don ya ƙaryata ki, da wanda ya ambace ki don ya gina a kanki, duk ɗaya na'ura take ƙirga su. Maƙalun da aka janye ma ana ci gaba da ambatonsu shekaru bayan janyewa. A fanninmu akwai wata cuta ta musamman: ƙwayoyin da muke renon su a kwalba suna gauraya. Tun shekarun 1960 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗauka daga sankarar bakin mahaifar wata mata mai suna Henrietta Lacks a 1951, sun mamaye wasu layukan ƙwayoyi da ake zaton na wasu gaɓoɓi ne. Wani bincike da aka buga a PLOS ONE a 2017 ya ƙirga maƙalu sama da 32,000 da aka yi da ƙwayoyin da ba su ne ake zato ba, kuma wasu maƙalu kusan rabin miliyan sun ambace su. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba hotunan maƙalu sama da 20,000 ɗaya bayan ɗaya, suka samu kusan kashi 4 cikin 100 da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba. Duk waɗannan suna cikin jimillar da ake gani a saman shafi.

Sunan mujalla ma haka. Ma'aunin tasirin mujalla matsakaicin ambaton maƙalunta ne na shekara biyu, kuma 'yan tsiraru ne ke ɗaukar nauyin sauran. Nature da kanta ta bayyana a 2005 cewa kashi 89 cikin 100 na ambaton da aka lissafa mata ya fito ne daga kashi 25 na maƙalunta. Masana ƙwayoyin halitta ma sun yi bore a kan wannan: a taron ƙungiyarsu ta Amurka a San Faransisko, Disamba 2012, aka tsara sanarwar da ake kira DORA, wadda ta ce a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. Randy Schekman, da ya karɓi Nobel a 2013, ya sanar cewa ɗakinsa ya daina tura aiki Nature da Cell da Science. Mutane sun ce masa, da gaskiyarsu, mai Nobel a hannu, kuma a lokacin editan eLife, mujallar da ke gogayya da su, yana da sauƙin faɗar haka. Ke da ni ba mu kai nan ba. Har yanzu masu ba da tallafi suna kallon sunan mujalla.

Yadda zan duba su in ni ne ke

Da farko ki bar jimillar, ki jera maƙalun bisa shekara, ki tsaya a shekara biyar na ƙarshe. A al'adar fanninmu, sunan farko shi ne wanda ya yi aikin da hannunsa, sunan ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin. Na tsakiya yana iya zama wanda ya ba da aron na'ura ko ya aiko da kwalbar ƙwayoyi. Ki ƙirga maƙalun da malamin yake a ƙarshe, ki ware na bita, waɗanda tattara ayyukan wasu ne kuma sukan kwashi ambato fiye da aikin gwaji. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da ɗakin yake fitarwa. Mutum mai maƙala 300 yana iya komawa 15 a wannan tankaɗe, mai 40 ta koma 10.

Sannan ki ɗauki uku daga kowane ɓangare ki karanta su da gaske, har sashen hanyoyin aiki. Abin da nake nema shi ne zare: shin maƙala ta biyu ta amsa tambayar da ta farko ta bari? Shin wasu ɗakunan gwaji, waɗanda ba abokansa ba, sun maimaita sakamakon sun ɗora a kai? Ki danna jerin masu ambaton, ki buɗe biyar ko shida ki ga a wace jimla aka ambace shi. Akwai bambanci tsakanin "mun yi amfani da ɓerayen da wance ta samar" da sunan da aka jefa cikin jerin goma a gabatarwa. Ki kuma lura ko mafi yawan masu ambaton shi ne da ɗalibansa. Ki sa sunayen malaman biyu a PubPeer, shafin da masu bincike ke nuna kurakuran maƙalu, da Retraction Watch, mai bin diddigin maƙalun da aka janye. Minti biyar ne. Ki tuna kuma Google Scholar yana ƙirga har kundin digiri da takardun da ba a tantance ba, don haka alkalumansa sukan fi na sauran rumbunan ƙirga ambato, irin su Scopus da Web of Science. Kada ki gwada na wannan rumbu da na wancan.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne sunayen farko. Su waye? Ɗaliban digiri na uku ne ko manyan masu bincike da suka riga suka ƙware? Ɗalibi nawa ya shiga, nawa suka fita da maƙala mai sunansu a gaba, cikin shekara nawa, kuma ina suke yanzu? Ɗaki mai mutum talatin da ke fitar da maƙala goma a shekara, da ɗaki mai mutum biyar da ke fitar da uku, wanne ya fi wa ɗalibi ɗaya? Ki yi lissafin da kanki.

Na yi zama a irin babban ɗakin nan na wani lokaci. Kuɗi akwai, na'urori akwai, duk abin da na rubuta a takardar oda yana zuwa cikin mako. Amma maigidan yana yawo tsakanin taruka, sai in yi wata biyu ban zauna da shi ba. Na ɓata kusan wata shida ina aiki da ƙwayoyin da wata ƙaramar ƙwayar cuta ta gurɓata, abin da ƙwararren ido zai yi zargi tun makon farko, har sai da wata mai bincike da ke benci kusa da nawa ta ce in kai su gwaji. Duk da haka ba zan ce na yi asara ba. Wasiƙar shaidar da ya rubuta mini ta buɗe ƙofofin da ba na jin ƙaramin suna zai buɗe. Wannan ita ce gaskiyar da ke bayan shawarar 'yan'uwanki, kuma ba ƙarama ba ce, musamman ga wadda ta fito daga jami'ar da ba a san ta ba a can. Ƙaramin ɗaki kuma yana da nasa haɗarin: tallafi ɗaya ya yanke, komai ya tsaya, ko malamar ta koma wata jami'a kina tsakiyar aiki. Ki tambaye ta kai tsaye kuɗin da za a biya ki daga ina zai fito, kuma na shekara nawa ne a tabbace.

In kina da niyyar dawowa gida koyarwa, ki sa wani abu a rai. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu har yanzu ƙirga maƙalu suke yi, wannan ne ma ya sa mujallun 'yan damfara, masu karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa, suka samu kasuwa a wurinmu. Za ki ji matsin ki yawaita. Malamin da ya koya miki yadda ake tsara gwaji mai kyau da kayan aiki kaɗan, da yis ko ƙuda ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya ba ki abin da za ki iya ci gaba da shi inda wuta ba ta tsayawa. Wanda duk aikinsa ya dogara da na'urar miliyoyin daloli ya ba ki abin da za ki bari a filin jirgi.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan ke nan, domin shafukan biyu ba su gabana, kuma halin mutum ba ya fitowa a maƙala. Na ga malami mai kyawawan takardu da ɗalibansa ke kuka a bayan gida, na ga mai matsakaitan takardu da ɗalibansa ke kiransa a waya shekara goma bayan sun gama. Waɗanda suka san wannan su ne waɗanda suka zauna da su. Ki samo tsofaffin ɗalibai biyu daga kowane ɗaki, waɗanda suka riga suka bar wurin, domin na ciki ba zai saki baki ba. Sunayensu suna nan a gaban maƙalun shekara biyar ko shida da suka wuce. Ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa, ki tambaye su sau nawa suke zama da malamin a wata, me yake yi idan gwaji ya ƙi har wata uku, wa ke yanke shawarar jerin sunaye a maƙala, kuma da za a mayar da su baya, za su sake zaɓar wurin? Idan kin samu amsoshin, ki turo mini tare da maƙalu ukun da kika karanta daga kowane ɓangare, mu duba tare.